Lalla Dalanda da Kwamfutar da Aka Wanke Kamar Inji

Lokacin da mu masunta muke dawowa da abin da teku ta ba mu, lokacin ita take fitowa. Za ka hango ta a kan tsohon kekenta, gyale ɗaure tamau saboda iska, jaka rataye a wuya cike da wayoyi. Ofishin ƙungiyar masunta take fara tsayawa. Ta buɗe taga, ta sa tsumma ta goge gishirin da ya kwanta a kan kwamfuta, ta kunna. Sai ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta 'yan kalmomi, ta zuba ido. In ta ga abin da take nema, ta gyaɗa kai ta aika a kawo shayi. In ba ta gani ba, ko an kawo shayin sai ya huce a gefenta. Daga nan ta wuce makaranta, inda ta kula da kwamfutocin yara tun gashinta yana baƙi har ya yi fari.

Lalla Dalanda Arus ke nan. A watan nan ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba wanda ya yi jawabi. Maigadi ya karɓi makulli, ta hau kekenta ta tafi gida.

Shi ya sa na ce ni zan yi mata jawabin. Wanda bai san ni ba a tsibirin Karkanna baƙo ne. Ni ne Rayis Lazhar, wato shugaban jirgi, wanda jirgi ya kife da shi a hanyar Lamfedusa, na rungumi jarkar mai teku tana wasa da ni, har aka fidda rai aka zauna makoki. Na shigo ƙauye da ƙafata na tarar ana rabon kuskus na sadakata, na zauna na ci, na ce gishiri bai ji ba. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma faɗa nake yi na'ura tana rubutawa, kuma ita ce ta saita mini. Mutum irina ba ya yabo da arha. Amma matar nan ta ɗaure mini kai yadda teku ba ta taɓa yi ba.

Duk kwamfutocin da take kula da su tsofaffi ne, waɗanda ofisoshin birnin Safakis da ke tsallaken teku suka yar. Ta kwaso su a jirgin fito, ta share cikinsu, ta zuba musu wani tsari da ake kira Linuks, su tashi garau. Ammi take ce mini, wato baffa. Na taɓa tambayarta na wane kamfani ne.

Ta ce, “Ba na kowa ba ne, Ammi Lazhar. Na kowa ne.”

Na ce, “Zaɓi ɗaya, 'yata.”

Ta yi dariya. “Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina shi. Kowa ya sa hannu inda ya iya. Kuma a buɗe yake, duk mai so ya leƙa cikinsa ya gyara.”

“Sun san juna?”

“Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba.”

“Kuma abin bai nutse ba?”

“Ga shi kana yi masa magana yana rubutawa.”

Ni da na yi rayuwata a jirgi, na san mutum uku ma da suka tashi a gida ɗaya sai sun yi faɗa kan igiya. Na bar maganar a nan.

A gidana ta ajiye wani ɗan akwati, a ɗakin sama. Ta ce ofis yana bakin ruwa, bai kamata duk abin da ƙungiya ta mallaka ya kwana a wuri guda ba. Kullum bayan la'asar, in ji ta, kwamfutar ofis takan aiko da kwafin duk sabon abin da ya shiga cikinta zuwa akwatin nan, ta iska, ba waya. Waifai suke ce wa abin. Ran Juma'a takan hau saman da kanta, ta ciro wani abu daga akwatin, kowane ne hannunta ya faɗa, ta buɗe ta tabbatar yana nan da ransa. Na sha hawa rufin gida da la'asar ina zura ido tsakanin ofis da tagata. Ina da idon da ke gane garken kifi daga launin ruwa. Ban ga komai yana wucewa ba sai tsuntsaye.

A bazarar bara aka ba ƙungiya wata kwamfuta da ta fi ta da ƙarfi. Dalanda ta zuba mata tsarinta, komai ya tashi, ban da waifai. Akwatina ya zauna shiru.

Ta yi mini bayani a gidan shayi, da yake na matsa mata. Wai a cikin kwamfutar akwai wani ɗan ƙarfe da ke magana da iska. Shi da tsarin ba sa jin yaren juna, sai da wata ƙaramar manhaja a tsakani, kamar tafinta. Masu ƙera ɗan ƙarfen nan kuwa sun ɓoye yarensa, ba su ba kowa ba. Sai masu sa-kai su yi ta saurare suna lalube har su haɗa tafintan da kansu.

Na ce, “To a ɗauko shi mana. Yana ina?”

“A intanet.”

“Shiga ki ɗauko.”

“Sai da shi kwamfutar za ta shiga intanet ɗin.”

Na ajiye kofina. “Makullin ɗaki yana cikin ɗakin, ɗakin kuma a kulle?”

“Ka gane ke nan, Ammi.”

Wallahi ban gane ba. Amma washegari sai ga ta tana jan wata doguwar waya daga gidan shayi, ta tsallaka titi da ita har ofis. Babur ya taka, ta sake ɗaurawa. Akuya ta tauna, ta canza. Tafintan da ta samo ya yi aiki na ɗan lokaci, da an jima ya yanke. Ta rubuta wa mutanen nan da ba ta taɓa gani ba, suka ce ta aiko da abin da baƙin allon ya faɗa. Ta aika. Wani daga wata ƙasa mai ƙanƙara ya aiko da gyara, ta gwada, ya ƙi. Ta sake rubutawa.

Rayis Manji, wanda bakinsa ya fi ƙugiya kaifi, yana zaune a gidan shayi yana kallo. Ya ce, “Lalla, ki bar wayar nan a ƙasa kawai mana, ki ja ta har gidan tsohon nan. Ko kuwa aljanun naki ba sa bin igiya?”

Ta ce, “Si Manji, wayar da akuyarka ta mayar abincin rana? In na dogara da ita, ranar da ake bukata ranar za a tarar da ita a cikin akuya.”

Aka kwashe da dariya. Na tambaye ta yaushe abin zai gyaru. Ta ce, “Ban sani ba.” Haka kawai, ba kunya. Ni tunda nake ban taɓa ce wa ma'aikatan jirgina ban sani ba, ko da kuwa ban ga gabana ba. Na yi zaton mai faɗin haka zai haƙura. Ita kuwa ta faɗa ta koma ta zauna gaban allo. Bazara ta kusa ƙarewa kafin wata la'asar ta hau ɗakina tana haki, ta dubi 'yar fitilar akwatin tana ƙyaftawa, ta zauna a ƙasa ta ce, “Alhamdu lillahi.” Sannan ta rubuta duk yadda ta yi ta aika wa mutanen can, wai don wani mai irin kwamfutar kada ya sha wahalar da ta sha.

Ke ce mai zama da abu har ya gaji ya miƙa wuya, Dalanda. Mun yi miki dariya a lokacin, ba mu san abin da ke zuwa ba.

Da kaka ta matso, lokacin da kowane gida yake saran ganyen dabino don sabunta sharfiyarsa, wato shingen kamun kifi a cikin teku, sai rigima ta tashi. Mbarka, wadda ake ce wa Halti, wato inna, matar marigayi Rayis Hadi, gonar tekunsu tana maƙwabtaka da ta gidan su Manji. Iyakar ba a ƙasa take ba balle a kafa dutse. A bakin dattawa take: ka tsaya a kwale-kwale inda abu kaza ya yi daidai da abu kaza a tudu. Hadi ya rasu, Rayis Tayyib mahaifin Manji ya riga shi. Manji ya rantse cewa gefen da ke bakin zurfi, inda kifi ya fi bi, na ubansa ne. Ba ƙarya yake yi da gangan ba, haka ya ɗauka. Mbarka kuwa da wannan gefen take ci, da shi take riƙe da jikokinta. In Manji ya kafa ganye a wurin bana, shi ke nan, ya zama nasa.

Sai Mbarka ta tuna. Dalanda ta daɗe tana roƙon tsofaffi su riƙa faɗin iyakokinsu ana ɗaukar muryarsu a wayar hannu tun suna da rai. Hadi ya taɓa yi, shi da Tayyib, suna shan shayi a tsakar gidansa. Mbarka ta lalubo wayar a cikin kayan Hadi, fuskarta a tsage, gishiri ya ci bakinta. Da safe ta kai ofis. Dalanda ta yi ta lallashin wayar kamar mai ba marar lafiya kunu, har ta yarda ta kunna, ta kwashe sautuka biyu da ke ciki ta zuba a kwamfuta. Ko minti ba a ƙara ba wayar ta yi zafi ta mutu, mutuwar da ba tashi. Aka sa ranar da dattawa za su taru su ji. Dalanda ta kulle ofis ta ruga ta kama jirgin azahar, tana da ganin likita a Safakis.

Da la'asar iska ta juya. Na ga hadari iri-iri, na kuma ci su duka, amma wannan ya zo da fushi. Wuta ta ɗauke. Teku ta haura kan titi ta shiga ofis har gwiwa. Jirgin fito ya daina tashi, Dalanda ta maƙale a can.

Da gari ya waye maza suka buɗe ofis, suka tarar da kwamfutar a jiƙe sharkaf. Manji ne ya fara kai hannu. Kowane yaro a tsibirin nan ya san abin da ake yi wa injin da ya faɗa teku: ka wanke shi da ruwan daɗi, ka fesa masa mai, ka tayar da shi nan take kafin tsatsa ta kama shi. In ka bari ya kwana, ka yi asara. Manji ya tuɓe riga, ya buɗe cikin kwamfutar, ya kwara mata ruwan daɗi, ya fesa mai, aka jawo janareta. Ya ce, “Bismillah.” Ya danna.

Ta yi wata ƙara kamar an taka kaguwa. Hayaƙi ya tashi. Shiru.

Kafin azahar magana ta zagaye ƙauye: Manji ya kashe kwamfuta don kada a ji iyaka. Mata suka daina gaida matarsa a gidan burodi. Mbarka ta zo ƙofar ofis ta tsaya, ta koma.

Da teku ta lafa Dalanda ta sauka daga jirgin farko, ko gida ba ta je ba. Ta duba cikin kwamfutar, ta sunsuna, ta ciro faifan da komai ke ciki ta juya shi. Gefensa ya ƙone ƙurmus.

Manji ya ce, “Na rantse da Allah, Lalla, ceto na yi niyya.”

“Na sani. Wankin da ka yi daidai ne.”

“Kin ji ko! Ku ji!”

“Kunnawar ce ta kashe ta. Da ka bar ta ta bushe.”

Na ce, “A bar ta? Inji ya sha ruwa a bar shi?”

“Ba inji ba ce, Ammi.”

Har yau a raina ban ga inda Manji ya kauce ba. Da ni ne a gaba, da na fi shi saurin dannawa. Na ce mata to ai akwai akwatina. Ta ce aikawar takan fara bayan la'asar, wutar kuma da la'asar ta ɗauke. Na ce ya tsallako ko bai tsallako ba? Ta ce, “Ban sani ba.”

Muka hau ɗakin sama: ni, ita, Mbarka da dattawa biyu. Manji ya tsaya a bakin matakala, ya ƙi shigowa ya ƙi tafiya. Dalanda ta haɗa akwatin da 'yar kwamfutarta ta hannu, baƙin allo ya fito, rubutu yana gudu. Ba wanda ya iya karanta shi sai ita, don haka fuskarta muke karantawa. Ta danna wani abu.

Ƙarar cokali a kofi. Tari. Sai muryar Hadi, ras, kamar yana bayan ƙofa: “To faɗa, Tayyib, yana ɗauka.”

“Wannan ɗan abin? Ƙarya kake.”

“Faɗa dai.”

“To. Ka tsaya inda hasumiyar masallaci ta rufe dabinon nan mai kai biyu. Daga nan ka yi gabas har bakin zurfi, na Hadi ne, tun kakanninmu. Yamma nawa ne. In na mutu a gaya wa Manji, don kansa ya fi angar jirgi nauyi.”

Daga nesa a cikin sautin wata mace ta ɗaga murya: “Ku tashi mini daga tabarma, zan yi shara!”

Mbarka ta rufe baki da gyale. Muryarta ce.

Na juya in ga Manji. Mutumin ya rasa gefen da ya fi kifi a duk gabar nan, amma ya zauna a matakala yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “Ko a kabari bai bar ni ba. Lalla, don Allah maimaita wurin angar.”

Dalanda ba ta maimaita ba tukuna. Ta matsa kusa da Mbarka ta durƙusa. Ta ce, “Halti, sautuka biyu na kwashe. Ɗaya ne ya tsallako kafin wuta ta ɗauke. Na biyun, wanda Ammi Hadi yake magana shi kaɗai, ya tafi. Da na tsaya na sa shi a aljihuna kafin in kama jirgi, da yana nan. Sauri na yi.”

Ba wanda ya san da na biyun sai su biyu, kuma Mbarka ba ta tambaya ba. Da Dalanda ta yi shiru, da ta fita ɗakin nan ana ɗaga ta sama. Na kasa gane dalilin da mutum zai ci nasara ya tsaya yana nuna inda jirginsa ke yoyo.

Mbarka ta sauke gyalen daga bakinta. Sannan ta ce, “Me yake cewa a ciki?”

“Ban saurara ba, Halti. Na ga naki ne.”

Tsohuwar ta share fuska. “In Hadi ne shi kaɗai, ƙorafin gwiwarsa yake yi. Na ji wannan ya ishe ni tun yana da rai.” Ta kama hannun Dalanda ta riƙe gam. “Sa mini wanda ya zo. Daga wurin tarin.”

Ke ce kika ajiye wa marayu abincinsu, Dalanda, ba ki taɓa jefa taru ba. Ke ce kika wanke Manji daga zargin da zai bi shi har jikokinsa. Waccan bazarar da kika ƙarar kina jan waya a titi muna miki tsiya, ashe hanyar da muryar matattu za ta bi kike gyarawa, ke ma ba ki sani ba. Kuma abin da ya kuɓuce miki ba ki ɓoye shi ba. Na yi zama da jarumai a teku, kaɗan ne za su iya wannan.

Ku kuma matasan tsibirin nan masu danna waya tun safe, ku je ku zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin hawa matakala. Ta ajiye aiki, amma ƙofarta a buɗe take. Ku koyi baƙin allon nan, ku koyi rubuta wa baƙi ku nemi taimako, ku mayar musu da abin da kuka gano. Mu tsofaffi muna ƙarewa, kuma akwai iyakoki da yawa da har yanzu a bakinmu kawai suke.

Manji da kansa ya sari ganyen dabino ya kafa wa Mbarka shingenta a kan layin da ubansa ya faɗa. Ran da aka gama, Mbarka ta ce sai Dalanda ta je ta ga wurin da idonta. A nan na gano cewa matar nan, haifaffiyar tsibiri, ba ta taɓa shiga kwale-kwalen kamun kifi ba. Ni na tuƙa, don ba zan ba wani wannan amanar ba. Ruwa kwance lumui kamar mai a faranti, amma tun kafin mu bar gaba ta yi fari fat, ta rungume gefen jirgi tana amai. Da muka isa na kashe inji. Mbarka ta ɗago mata kai ta ce ta dubi tudu. Ta duba da ƙyar, ta ga hasumiya ta rufe dabino.

Ta ce, “Nan ne?”

Mbarka ta ce, “Nan ne, 'yata.”

“Ya yi kyau. Ammi Lazhar, don girman Allah mayar da ni ƙasa.”

Na mayar da ita a hankali, tuƙin da ban taɓa yi wa kowa ba. Mun gode, Lalla Dalanda. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya tsare ƙafarki a kan tudu.